Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Allunan Titi Ke Faɗa a Birnin Kebbi da Argungu

Baƙon da ya shigo Birnin Kebbi ta hanyar Jega ko ta Argungu, abin da idonsa zai fara cin karo da shi alluna ne: titin Ahmadu Bello, titin Sarkin Musulmi Abubakar, titin Sarki Haruna, titin Murtala Muhammad, da hanyar bayan gari mai sunan Sani Abacha. Kafin ya sauka daga mota ya riga ya haɗa wa garin tarihi a ransa. Baƙo ba abin zargi ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda suka yi karatu a shekarun da aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Da yawansu abin da suka sani game da garinsu daga jikin allo suka tsince shi, sai kuma hirar bakin titi. Allo kuwa suna kawai yake ɗauke da shi, ba ya faɗar wanda ya zaɓi sunan, ko yaushe, ko don me. Daga wannan giɓin ne maganganu da yawa suka fito, wasu da ƙamshin gaskiya, wasu babu.

"Wanda sunansa ke jikin titi shi ya gina shi, ko kuwa ɗan garin ne"

Wannan jita-jita ce, kuma ita ce ta fi yawo. Sir Ahmadu Bello, wanda babban titin Birnin Kebbi ke amsa sunansa, a Rabah aka haife shi, gabas da Sakkwato, cikin zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya yi hakimcin Rabah daga 1934, aka tura shi Gusau a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, aka kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairun 1966. Murtala da Abacha Kanawa ne. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato ya yi sarautarsa ta shekara 50, daga 1938 zuwa 1988. Wanda ke son hujja mai sauƙi ya dubi filin jirgin sama da ke Ambursa. Shi ma sunan Ahmadu Bello gare shi, alhali jihar da ta gina shi ba a ƙirƙire ta ba sai bayan shekara 25 da rasuwarsa. Akwai titin Ahmadu Bello a Kaduna, akwai a Jos, a Legas da Abuja. Girmamawa ce ake yi wa mutum da sunan titi, ba shaidar kwangila ba ce.

Amma sunayen ba su faɗo haka kawai ba. Birnin Kebbi ta daɗe tana kallon Sakkwato a matsayin hedikwata: tana cikin Lardin Sakkwato zamanin Turawa, ta shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ta zauna cikin Jihar Sakkwato daga 1976, har ranar 27 ga Agustan 1991 da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Kebbi. Sunayen manyan tituna suna nuna wannan zaman, da kuma shekarun mulkin soja.

Inda maganar take da gaskiya shi ne wajen sunayen gidan sarautar Gwandu. Sarki Haruna Rashid ya riƙe masarautar daga 1954 zuwa 1995, ya kuma shugabanci Majalisar Sarakunan Arewa a Kaduna kafin juyin mulkin 1966. Babban asibitin garin na tunawa ne da Sir Yahaya, sarkin da ya gabace shi, daga 1938 zuwa 1954. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tana ɗauke da sunan Wazirin Gwandu Umaru Nasarawa, malami kuma marubucin waƙoƙin Hausa. Waɗannan kam mutanen gida ne, a nan suka rayu, a nan suka yi aiki.

"Babban titi shi ne tsakiyar gari tun asali"

A'a. Tsakiyar garin Hausa na da ba miƙaƙƙen titi ba ne. Fada ce da filin ƙofarta, da masallacin Juma'a, da kasuwa, sai hanyoyin ƙafa da na jakai da ke fita zuwa ƙofofin ganuwa. Faffaɗan titi mai kwalta da bankuna a gefe ɗan zamanin mota ne, kuma galibi yakan bi ta inda ofisoshin gwamnati da gidajen ma'aikata suka zauna, ba ta cikin tsohon gari ba.

Ka ajiye mota ka shiga tsofaffin shiyoyin Birnin Kebbi da ƙafa, za ka ga bambancin. Lungu ya ƙuntata har mai kura da mai babur sai ɗaya ya raɓe wa ɗaya. Ga zaure da dakalinsa, ga kwata ta biyo gindin katanga, ga tsohon ginin ƙasa an yi masa rigar siminti amma kaurin bangon ya tona shekarunsa. A nan ba ka jin sunan Firimiya ko na Janar. Abin da za ka ji shi ne Shiyar Fada, Takalau, Maƙerar Gandu, Ƙofar Kola. Kowane ɗaya yana faɗa maka wani abu na zahiri: ga inda mulki ya zauna, ga inda maƙera suka kafa uwar maƙera, ga ƙofar da mai zuwa Kola ke fita ta cikinta. Su kuwa Tudun Wada da Gesse da Badariya, da rukunin ofisoshin Gwadangaji, faɗaɗar gari ce ta baya, musamman bayan da ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato a 1991.

Akwai kuma shaidar wani baƙo da ya ga wurin da idonsa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Gwandu a watan Mayun 1853, zamanin Sarki Halilu. A can ya samu kwafin littafin Tarikh al-Sudan na tarihin Songhai, ya zauna yana kwafar abin da ya iya. Da ya tashi zuwa yamma cikin watan Yuni ya ratsa ta Birnin Kebbi, ya tarar da kufan tsohon birnin Kabawa, da sabon gari a kusa da shi. Ke nan garin da muke ciki yau ya tashi, ya faɗi, ya sake tashi, kuma kowane tashi da tsarin hanyoyinsa.

A nan ne wasu ke kawo maganar unguwar Nasarawa, wai sunan na nufin inda Nasara suka zauna. Sunan kaɗai bai isa hujja ba. Makama Dogo ya kafa garin Nasarawa na kusa da Keffi tun cikin shekarun 1830, tun ba a san mulkin Bature a Arewa ba, kuma daga cin nasara sunan ya fito.

"Kanta ne ya kafa Birnin Kebbi, kuma Sarkin Kabi a nan yake zaune"

A nan ne ruɗanin ya fi yawa, har ga 'yan jarida daga wasu jihohi. Mutum ya ji Birnin Kebbi, sai ya ɗauka nan ne fadar Sarkin Kabi. Ya iso fadar, sai a ce masa ai wannan Fadar Abdullahi Fodiyo ce, ta Sarkin Gwandu. Ya tambayi Gwandu, a ce tana gabas, tafiyar kimanin kilomita 50. Ya tambayi Sarkin Kabi, a nuna masa hanyar Argungu, ita ma kusan haka nisanta. Duk waɗanda suka amsa masa gaskiya suka faɗa, kuma warware abin sai an koma baya shekara 500.

Muhammadu Kanta ya tayar da daular Kabi wajen 1516. Yana cikin waɗanda suka bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, aka saɓa a kan rabon ganima, ya ɓalle, kuma rundunar da aka turo masa ba ta iya mayar da shi ba. Tarikh al-Sudan, littafin da Barth ya gani a Gwandu, ya kawo wannan labari. Biranen Kanta su ne Leka da Gungu da Surame, kuma Surame ce babbar fadarsa, mai ganuwar dutse da har yau ragowarta ke tsaye. Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: kufan Surame ba a cikin Jihar Kebbi yake ba. Da aka shata iyaka a 1991 ya faɗa ɓangaren Jihar Sakkwato.

Sai a farkon shekarun 1700, kusan ƙarni biyu bayan Kanta, Sarkin Kabi Tomo ya bar Surame saboda rigingimun cikin gida, ya mayar da fada Birnin Kebbi. Saboda haka idan ana neman sarkin da ya ɗaga wannan gari ya zama birnin sarauta, Tomo ne. Kabawa sun yi kimanin shekara 100 suna mulki daga nan.

A watan Afrilun 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo ta ci birnin. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, aka naɗa Usman Masa a madadinsa, shi ma bai daɗe ba ya juya baya. A ƙarshen wannan shekara aka gwabza a Alwasa, inda mutanen Shehu Usmanu suka sha babbar asara suka ja da baya zuwa Gwandu, a can suka tsaya suka kore maharan. Alwasa tana nan har yau cikin ƙaramar hukumar Argungu, kuma motoci na wuce yankin kullum ba tare da fasinja sun san abin da ya faru a wurin ba. Da Shehu Usmanu ya raba kula da daula a 1812, yamma ta faɗa hannun Abdullahi, Gwandu ta zama fadarsa, a can kuma kabarinsa yake.

Kabawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Hodi ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a 1826. Ƙaninsa Sama'ila Karari ya ɗauki tuta daga Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya zauna a hannun Sarkin Musulmi shekara da shekaru. A 1849 Nabame ya dawo ya tayar da Kabi, Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara masa baya. Tun daga nan har zuwan Turawa, Argungu ba ta sake shiga hannun Sakkwato ko Gwandu ba. Ko zuwan da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya yi mata da runduna a 1892, zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, bai ci ta ba. A tsakanin waɗannan shekaru an samu sulhu na kimanin shekara 8 daga 1867, lokacin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wanda jama'a suka raɗa wa suna Lafiyar Toga. Ba a kafa wa wannan suna allo ba, ba hukumar da ta yi shelarsa, amma ga shi ya haura shekara 150 yana bakin mutane.

To yaya Sarkin Gwandu ya zo Birnin Kebbi? Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai ga tawayen Satiru a 1906. A wannan shekara suka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru, aka naɗa Haliru Abdu a Birnin Kebbi, garin ya zama hedikwatar masarautar Gwandu daga lokacin. Sarautar ta riƙe sunan garinta na asali, garin da ta sauka ya riƙe sunan masu shi na da, su kuma magadan Kanta suka riƙe laƙabinsu a Argungu: Sarkin Kabin Argungu, wanda Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera ke riƙe da shi tun 1996. Ana ƙara sunan garin ne domin ba shi kaɗai ake kira da laƙabin ba. Akwai Sarkin Kabin Yabo, daga gidan Muhammadu Moyijo, akwai kuma Sarkin Kabin Jega, sarautun da suka samo asali daga zamanin jihadi.

Ni a ganina wannan ba abin ɓoyewa ba ne, ba kuma abin gori ba ne. Gari ɗaya ne ya ɗauki tarihi biyu. Wanda ya ce Birnin Kebbi ta Kabawa ce tun asali ya faɗi gaskiya. Wanda ya ce fadar Gwandu ce ya faɗi gaskiyar shekara fiye da 100. Ƙarya tana farawa ne inda ɗaya ya ce ɗayan bai taɓa kasancewa ba.

"Nabame ne ya kafa Argungu, ya gina fadarsa a 1831"

Za ka ga wannan shekara a takardun yawon buɗe ido da ake rabawa lokacin bikin kamun kifi, game da Gidan Nabame, wanda yanzu shi ne gidan tarihi na Kanta. Gidan kansa abin gani ne. Ka bi ta zaurukansa masu kaurin bango da baka-bakan rufi na ginin gargajiya, ka ga masu da takubba da kwari da baka, da layu da tambura, da kayan su irin na Kabawa, sannan a nuna maka makwancin sarakuna a cikin harabar. Ya zauna a matsayin fada har 1942 da aka koma sabuwa, aka buɗe shi gidan tarihi a 1958.

Amma lissafin 1831 da sunan Nabame ba su haɗu ba. A wannan shekarar aka kashe mahaifinsa, shi kuma aka tafi da shi Sakkwato. Wanda ke tsare a hannun abokan gaba ba ya gina fada a garin da aka ƙwace daga hannun ubansa. Idan ginin na Nabame ne, to daga 1849 zuwa rasuwarsa a 1854 ne lokacinsa. Haka nan bai kafa garin ba, tunda Karari ya zauna a cikinsa kafin shi. Abin da Nabame ya yi ya fi kafa gari wuya: ya dawo da sarautar da aka ɗauka ta ƙare.

Bikin kamun kifi ma ana yi masa irin wannan gajerta. Gaskiya ne bikin da duniya ta sani ya faro ne daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su. Hanyar da rundunoni suka yi ta bi da mashi ta zama hanyar ziyara. Amma gyaran ruwa da fashin ruwa, da sarautar Sarkin Ruwa da ta Homa, sun girmi 1934 nesa ba kusa ba. Masuncin da ke faɗawa ruwan Matan Fada da gora da homa biyu a hannu ba don baƙi ya koyi sana'ar ba. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016.

"Kabi daga Ka'aba, Argungu daga a yi gungu"

Duka biyun labarai ne na baka da ake ƙauna. Na farko yana cewa kakannin Kabawa daga Makka suka taso, sunan Ɗakin Allah ne ya rikiɗe ya zama Kabi. Ya kamata a ajiye shi kusa da 'yan'uwansa: Daura na da Bayajidda daga Bagadaza, sarakunan Barno na da sun danganta kansu da Yaman, Bargu na da labarin Kisra. Gidajen sarauta a wannan yanki sun daɗe suna neman tushe daga gabas, saboda darajar da gabas ke da ita a zuciyar Musulmi. Labarin yana nuna abin da mutane suka girmama. Kamannin sauti tsakanin kalmomi biyu kuwa bai zama hujjar asali ba.

Na biyu yana cewa Kabawan da yaƙi ya tarwatsa ne suka ce a yi gungu, wato a taru wuri ɗaya. Yana da daɗin ji, ya kuma dace da halin da aka shiga bayan 1805. Sai dai Gungu sunan ɗaya daga biranen Kanta ne tun ƙarni na 16, kuma a bakin Zabarmawa maƙwabta gungu tsibiri ne, daga nan Gungawan Yawuri mazauna tsibiran Kwara suka samu sunan da ake kiran su da shi. Garin da ke bakin fadamar da ruwa ke mamayewa kowace damina yana da hanya fiye da ɗaya ta samun irin wannan suna. A faɗa wa yara labarin, amma a ce musu haka ake cewa.

Rubutun Kebbi da ke kan takardun gwamnati kuwa yadda Turawa suka rubuta abin da kunnensu ya ji ne. Mu Kabi muke cewa, mutum Bakabe, jama'a Kabawa. Kogin da taswira ke kira Rima ko Sakkwato, idan ya gangaro nan Gulbin Kabi ne.

"Turawa ne suka koya mana sanya wa hanya suna"

Allon ƙarfe da lambar gida nasu ne, wannan gaskiya ne. Sanya suna kuwa mun gada. Hanyar da ta nufi gari takan ɗauki sunan garin, ƙofa ta ɗauki sunan inda ta fuskanta, shiya ta ɗauki sunan sana'a ko ƙabilar mazaunanta. Kuma har yau wannan tsarin ne ke aiki. Tsayar da ɗan kabu-kabu a Birnin Kebbi ka ce ya kai ka titin Ahmadu Bello, sai ya juyo ya dube ka ya ce, "Alhaji, ai titin ga dogo na. Wace shiya za ka?" Sai ka ambaci masallaci, ko banki, ko gidan mai, ko bakin kasuwa, sannan ya tayar da babur. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin rashin wayewa. Ni ban yarda ba. Yaron yana aiki ne da taswirar da ta fi ta allo cika.

Su kansu Turawan haka suka faro. A Jamus, ƙasar Barth, sunan titi da ya fi kowane yawa shi ne Hauptstrasse, ma'anarsa babban titi kawai, kuma dubban garuruwa da ƙauyuka ne ke da shi. Saura kuma na kasuwa ne, na coci, na tashar jirgin ƙasa, ko na garin da hanyar ta nufa, kamar yadda muke cewa hanyar Kalgo. Sanya sunan manyan mutane daga baya ya yawaita, kuma ya zo da matsalarsa. A 1933, cikin 'yan watanni da hawan Hitler mulki, manyan tituna da dandali a garuruwa da yawa suka koma sunansa. A 1945 aka cire allunan. Jamus ta Gabas ta cika titunanta da sunayen Marx da Lenin, har birnin Chemnitz sukutum ya amsa sunan Karl Marx daga 1953 zuwa 1990, sannan ya koma sunansa na da. A Disamban 2022 birnin Berlin ya cire sunan Gustav Nachtigal daga wani dandali. Shi ne ya kai wa Shehun Barno Umar kyautar Sarkin Furusiya a Kukawa a 1870, kuma shi ne ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a 1884. Aka maye gurbinsa da sunan gidan Manga Bell, sarkin Duwala da Jamusawa suka rataye a 1914. Barth kuwa titinsa na nan a Hamburg, garin haihuwarsa.

A gida ma mun ga irin haka. Titin Broad Street na Legas ya koma sunan Yakubu Gowon lokacin da yake mulki, bayan saukarsa aka mayar masa da tsohon sunansa. Sunan da mulki ya sanya yakan bi mulkin idan ya tafi. Wanda jama'a suka sanya don su gane hanya ya fi jurewa, domin kullum ana bukatarsa.

"Gwamna ne ke da ikon raɗa wa titi suna"

Haka muke gani a aikace: an gama titi, gwamna ya zo yanke ƙyalle, ya sanar da suna a lasifika, a tafa. Amma tsarin mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa sanya wa hanyoyi da tituna suna da bai wa gidaje lamba cikin ayyukan majalisar ƙaramar hukuma. Ke nan a kan titunan cikin gari, maganar tana hannun majalisun ƙananan hukumomin Birnin Kebbi da Argungu, kuma kansilan mazaɓarka yana da bakin magana a ciki.

Wannan ya shafe mu, domin garuruwan biyu suna ta faɗaɗa. Ana yanka filaye ta hanyar Kalgo saboda jami'ar tarayya, ana yi ta hanyar Ambursa, Argungu ma ta ƙara cika tun da aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa a 2017. Kowace sabuwar unguwa na zuwa da layuka goma ko ashirin marasa suna, kuma abin da ke faruwa shi ne layi ya ɗauki sunan wanda ya fara ginin bene a kansa, ko na mai riƙe da muƙami a lokacin. Alhali ga sunaye na jira waɗanda ba mai jayayya a kan nauyinsu: Tomo, Hodi, Karari, Toga, Halilu, da garuruwa irin su Surame da Leka da Gungu da Alwasa. Zan so a ga sunayen gidajen Kabi da Gwandu a garuruwan biyu, tunda jikokinsu sun daɗe da zama surukan juna.

Abu na biyu ya fi gaggawa. Dattawan da suka san inda kowace ƙofar ganuwa ta tsaya, da dalilin sunan kowace shiya, suna raguwa kowace shekara, ganuwar kuma an ɗebe ƙasarta an yi gini. Aikin da ake bukata bai kai kuɗin kwalta na kilomita ɗaya ba: majalisar ƙaramar hukuma ta haɗa hakimai da masu unguwanni da malaman tarihi na jami'a da na kwalejin ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, a bi shiya-shiya da na'urar ɗaukar murya, a rubuta abin da aka ji, a ware wanda ke da shaida da wanda ake cewa. Sannan duk allon da za a kafa a ƙara masa layi ɗaya a ƙarƙashin sunan, da boko da ajami, mai faɗar ko wane ne mutumin da shekarun da ya yi.